Na gina a filin mijina, yanzu ya sake ni: ina makomar kuɗina?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Bauchi. Shekararmu 11 da aure da baban yarana, 'ya'yanmu huɗu. Lokacin da aka kai ni, gidan ɗaki biyu ne da banɗaki a wani fuloti da ya saya can wajen Tirwun tun yana saurayi, ko katanga babu, zana ce. Daga 2016 zuwa 2023 na sayar da gwal ɗina, na sa kason gadona na gonar mahaifinmu, na ci bashin ƙungiyar malamai ana cira a albashina, ga kuma adashi. Da su aka ƙara ɗaki biyu da falo, aka ja katanga, aka fitar da shago biyu a ƙofar gida waɗanda ni nake karɓar hayarsu. A lissafina na kashe wajen Naira miliyan 3 da dubu 200. Duk sanda na ce a rubuta, sai ya ce, "Haba, ai gidanki ne ke da 'ya'yanki." Bayan ya ƙara aure zama ya lalace, watan jiya ya miƙo mini takardar saki ɗaya. Yanzu ina gidanmu. Ya aika wa masu shago su daina ba ni haya, wai gida nasa ne tun kafin ya san ni, kuma shekara 11 na zauna ban biya ko sisi ba. Yayana ya ce mu je kotu a raba gidan biyu. Hajiyarmu ta ce in bar wa Allah saboda yara. Don Allah ina mafita?

Maman Huɗu, Bauchi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya raya yaran nan bisa albarka.

Bari in fara da abin da ba zai yi wa yayanki daɗi ba. Babu maganar raba gida biyu a shari'ar da aka ɗaura aurenku a kanta. A Musulunci aure ba ya haɗa dukiya. Abin da namiji ya shigo da shi nasa ne, abin da mace ta shigo da shi nata ne, haka abin da kowannensu ya nema bayan auren, kamar yadda aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabon abin da suka tsiwirwirta, mata ma suna da nasu. Rabon dukiya bayan rabuwa da yayanki yake jin labari yana cikin dokar shari'o'in aure ta Najeriya ta 1970, sashe na 72, wadda ta ba babbar kotu ikon daidaita kadarori tsakanin miji da mata. Amma wannan na auren rajista ne, irin wanda da yawa daga 'yan uwanmu Kirista na Tafawa Ɓalewa ko Bogoro suke yi, kuma sashe na 69 na dokar ya fitar da auren Musulunci da na gargajiya daga ciki. Ko su ma da dokar ta shafa ba rabi da rabi ake yanka musu kai tsaye ba, alƙali ne yake duba abin da ya dace. Saboda haka fulotin nan da ɗakuna biyun farko na baban yara ne, har da tsadar da filin ya yi saboda gari ya tarar da unguwar.

To amma wannan ƙa'idar da ta hana ki filinsa, ita ce kuma ta hana shi kuɗinki. Shi ya riƙe ɓangaren da ya yi masa daɗi ya manta da ɗayan. Takardar saki tana warware igiyar aure, ba ta mayar da gadon mahaifinki dukiyar wani. Ita kuwa maganar ba ki biya haya ba, kada ma ki ɓata bakinki a kanta. Wurin kwanan mace wajibi ne a kan mijinta kamar ci da sha da sutura, ba alfarma ba ce da za a zo ana lissafinta ranar rabuwa.

Hajiya kuma, Allah Ya ƙara mata lafiya, na san abin da take gudu: kada a ce 'yarta ta kai uban 'ya'yanta ƙara, kada yara su tashi da tabon. Tsoronta yana kan hanya. Sai dai yafiya zaɓi ce ta mai haƙƙi, ba a tilasta ta, kuma neman haƙƙi ba rashin tawakkali ba ne. In saboda yaran ne, uwar da take da hayar shago biyu a hannu ta fi amfanar su a kan uwar da za ta riƙa aike gidan tsohon miji neman kuɗin littafi.

Yanzu ga inda maganar take. Duk wanda za ki je gabansa, malami ne, mai unguwa ne ko alƙali, tambayar da zai yi miki ɗaya ce: da wane suna kuɗin nan suka fita daga hannunki? Kyauta kika ba shi, rance kika ba shi, ko ke kika yi gini da kanki da izininsa? Amsar nan ita za ta yanke ko za ki tashi da komai, kuma nawa.

Shi zai ce kyauta ce, kuma kada ki raina wannan da'awar. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu suke aiki da shi, idan ɗayan ma'aurata ya ba ɗaya kyauta, daga baya ya dawo ya ce ai da nufin a saka masa ya bayar, ba a gaskata shi sai da sharaɗi ko wata alama da ta nuna haka, domin abin da aka saba tsakanin miji da mata shi ne kyautatawa. Akwai wata ƙofa da malaman suka bari: matar da ta ba miji dukiya don zaman aure ya ɗore, sai ya sake ta ba da jimawa ba, tana iya karɓar abinta. Amma sun ce in an ɗauki lokaci mai tsawo, kamar shekara biyu, an ɗauka burinta ya cika. Kin ga gwal ɗin 2016 ba zai shiga ta wannan ƙofar ba, sai dai ko abin da kika sa daga ƙarshe-ƙarshe, in bai yi nisa da ranar sakin ba.

In kuma kika ce rance ne, aka tabbatar, za a biya ki, amma ki san abin da kike saya. Mafi yawan malamai a kan cewa bashi ana biyansa da irin abin da aka karɓa ne, Naira da Naira. Buhun simintin da ake saya ƙasa da dubu 3 a 2018, a farkon 2024 ya kai dubu 10 a wurare da yawa. Wato in aka ƙirgo miki miliyan 3 da dubu 200 yau, ba za su sake tayar da rabin abin da suka gina ba. A nan ki tuna da kyau yadda aka yi da gwal ɗin. In ke kika kai shi kasuwa kika sayar kika miƙa kuɗi, Naira kike bi. In kuwa sarƙar da 'yan kunnen kika danƙa masa a matsayin aro ya je ya sayar, to nauyin gwal kike bi, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba kaɗan ba ce. Gaskiyar yadda aka yi za ki faɗa, ba wadda ta fi riba ba.

Ni a karatun da na yi wa wasiƙarki, na uku, wato ginin da kika yi da kanki da izininsa, ya fi kama da abin da ya faru, musamman a kan shagunan. Ke kika biya, shi ya yarda, ke kike karɓar haya shekara da shekaru yana kallo bai ce uffan ba. Mai kyauta ba ya ci gaba da cin amfanin abin da ya kyautar. Fiƙihu kuma ya san matsalar wanda ya yi gini a ƙasar da ba tasa ba, har ya ajiye ma'auni biyu. Wanda ya ƙwace fili ya gina, ko dai ya kwashe kayansa ko a biya shi kuɗin ɓaraguzai, wato ƙimar bulo da kwano da katako in an rushe su. Wanda kuwa ya gina da kyakkyawar niyya, kamar mutumin da ya sayi fili ya gina sannan mai shi na asali ya bayyana, littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya ce mai filin ya biya shi ƙimar ginin a tsaye. In ya ƙi, mai ginin ya biya shi ƙimar filin. In shi ma ya ƙi, sai su zama abokan tarayya, kowa gwargwadon ƙimar abinsa. Wanne daga cikin ma'aunan nan zai hau kan matar da ta gina a gidan mijinta, wannan aikin alƙali ne bayan ya ji yadda aka yi. Amma ke ba ƙwace kika yi ba, don haka abin da za ki buɗe baki ki nema shi ne ƙimar ginin a tsaye, a farashin yau.

Ga yadda lissafin yake tafiya, da alƙaluman misali kawai. A kawo masu sanin ƙimar gidaje, ba dillalin da yake abokin ɗayanku ba. Su ce fili da tsofaffin ɗakuna biyu sun kai miliyan 12, sabon gini ya kai miliyan 8. Sai a duba cikin sabon ginin nan nawa ne naki, nawa ne nasa, domin da wuya a ce a shekara bakwai bai taɓa sayen ko tifar yashi ɗaya ba, ko bai biya lebura ba. In kashi uku cikin huɗu naki ne, kina da miliyan 6. Ki sa nasa a lissafin tun kafin ya tuna miki. Wadda ta zo da lissafin da ya ambaci har abin da abokin rigimarta ya sa, an fi saurin gaskata ta a sauran.

Kalmar nan tasa ta "gidanki ne ke da 'ya'yanki" ba za ta ba ki gidan ba. Magana ce irin ta lallashi, ba furucin kyauta ba ne ƙarara, kuma ko da ya furta, Malikiyya sun ce kyautar gidan da miji yake zaune a ciki ga matarsa ba ta cika da karɓa matuƙar bai fita ya bar mata ba. Amma tana da amfani ta wata fuskar. In akwai wanda ya ji kina cewa a rubuta yana ba ki wannan amsar, ya zama shaidar cewa tun a lokacin ba da sunan kyauta kike zuba kuɗinki ba.

Wannan ya kawo mu kan hujja, wadda ita ce take kayar da mata a irin wannan shari'ar, ba rashin gaskiya ba. A 1992 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Amadi da Nwosu, inda wata mata ta ce da ita aka gina gidan da mijinta ya sayar. Ta faɗi, saboda ba ta iya nuna dalla-dalla abin da ta sa ba. Ba a ƙarƙashin shari'ar Musulunci aka yi waccan ba, amma a kotun shari'a ma ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. In kika je hannu rabbana, aka ba shi Alƙur'ani ya rantse, magana ta ƙare. A da'awar dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarki. Hajiya ba za ta iya yi miki shaida ba, domin ba a karɓar shaidar iyaye ga 'ya'yansu, haka yaranki. Yayanki ana iya karɓar tasa in an san shi da adalci, amma mutumin da tun yanzu yake cewa a raba gida biyu, kada ki dogara a kansa shi kaɗai.

Shaidunki na gaske suna waje. Birkilan da ya ɗora bulon ya san hannun da yake miƙo masa kuɗi duk yammacin Alhamis. Mai gidan bulo yana da littafin da yake rubuta wanda ya biya da adadin da aka kai. Kafintan da ya buga kwano, mai walda da ya yi ƙofofin shago, uwar adashi, wanda ya sayi gonar gado da waɗanda suka sa hannu a takardar cinikin, da su kansu 'yan hayar shagon da suke kawo miki kuɗi. Ki je banki ki nemi a buga miki bayanan asusunki tun daga 2016, ki bi da biro kina ja wa duk kuɗin da kika tura masa ko kika tura wa mai siminti layi. Ki karɓo takardar bashin ƙungiya da takardun albashin da suke nuna cirar. Ranar da bashin ya fito da makon da aka fara haƙa harsashin shago, in suka zo daidai, sun fi dogon bayani. Saƙonnin WhatsApp da ke tsakaninku kada ki goge ko ɗaya don fushi, ki adana su a wata wayar ma. Ki sayi littafi mai bango ki rubuta komai da kwanan wata, abin da ba ki tabbatar ba ki sa masa alama. Ki yi wannan a makon nan, tun kafin labari ya kai ga mutanen nan a fara jan su gefe.

Akwai wahalar da ba ta da rasit: girkin leburori, jan ruwa, tsayuwa a kan ma'aikata ranar da yake wurin aiki. Kotunanmu ba su saba sa wa wannan farashi ba, kuma a ganina giɓi ne. Maroko, da su ma Malikiyya ne, sun sa a dokar iyalinsu ta 2004, sashe na 49, cewa in ma'aurata ba su rubuta yarjejeniya a kan dukiyar da aka samu cikin aure ba, alƙali ya duba aikin kowa da ƙoƙarin da ya yi wajen haɓaka ta. Mu ba mu kai nan ba. Abin da ya rage miki shi ne mutu'a, kyautar sallama da aya ta 241 ta Suratul Baƙara ta ambata. A Malikiyya mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta, amma a zaman sulhu dattijo mai kunya yakan iya sa a bayar.

Shi ya sa nake so ki fara da sulhu, ba don kin fi shi rauni ba. Shari'a mace ce da ciki, kuma in aka yi ta ɗagawa, kuɗin lauya da na mota za su ci wani yanki na abin da kike nema. Waliyyinki ya samu babba a danginsa, wanda yake jin nauyinsa, a zauna da limamin unguwa ko mai unguwa, ko a je Hisba. Yayanki ya zo, amma wani ya riƙe bakin magana, domin mai zafin rai yakan rushe zama da kalma ɗaya. Ki shiga da littafinki da buƙata takamaimiya. Da ni ce, zan nemi a bar mini shagunan biyu, tunda ƙofarsu titi take kallo ba sai na shiga gidan ba, a rubuta su da sunana a gaban shaidu, sannan kuɗin ɗakuna da katanga a yanka adadi ya riƙa biya kashi-kashi da ranaku sanannu. Wataƙila ba shi da miliyoyin da zai ajiye miki lokaci ɗaya, ga sabon aure, kuma in kika matsa sai an sayar da gida, gidan da yaranki za su gada ne za a sayar. In limamin mai hikima ne zai tuna masa hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda aka yanka masa wani abu na haƙƙin ɗan uwansa saboda ya fi iya zance, yankin wuta aka yanka masa. Maza da yawa da suke tayar da jijiyar wuya a waya, in aka zo maganar dafa Alƙur'ani sukan sauko. Duk abin da aka cimma a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta tabbatar da shi, don kada bayan wata shida a ce ba haka aka yi ba.

In sulhu ya ƙi, sai kotu, kuma yadda kika tsara ƙarar yana da muhimmanci. Kada ki ce kina neman gida. Ki ce kina neman ƙimar ginin da kika yi da kuɗinki da izininsa, da hayar shagunan tun daga ranar da ya hana. Rigimar mallakar fili mai takardar gwamna, dokar filaye ta 1978 babbar kotun jiha ta ba wa, ba kotun shari'a ba, kuma an sha rushe hukunci a ɗaukaka ƙara saboda kotun da ta yi shi ba ta da hurumi. Ki ga lauya kafin ki yanki sammaci. In kuɗi ne matsala, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Tarayya da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, ki tuntuɓe su. Kafin nan kada ki sa kwaɗo a shagunan, kada a tura samari su ciro ƙofofi ko kwano, kada kuma ki kai maganar Facebook. Kowanne cikinsu zai iya mayar da ke wadda ake ƙara.

Kuma kada rigimar gini ta shagaltar da ke daga abin da ba ya buƙatar shaida. Kayan ɗakinki naki ne, lefe da sadaki ba a mayarwa a sakin da shi ya yi. Kina cikin idda ta saki ɗaya, ciyar da ke da wurin zamanki suna kansa har ki gama, hasali ma a ɗakinki ya kamata ki yi ta kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ya ce, al'ada ce kawai take korar mata zuwa gidan iyaye. Riƙon yara a Malikiyya naki ne matuƙar ba ki yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da karatu da magani kuma a kan ubansu. Kada ki yarda a ce ki yafe kuɗin gini kafin a bar miki yara, abu biyu ne daban.

Tunda saki ɗaya ne, yana iya mayar da ke kafin idda ta cika, ko a zo biko bayanta. Komawa ko rashinta ke da iyayenki za ku duba, ban san zaman da kuka yi ba balle in ce miki wani abu. In dai za a koma, a rubuta takardar nan kafin ki mayar da akwatinki: ga abin da kika kashe, ga sunan da aka ba shi, ga wanda ya mallaki shaguna, da shaidu biyu waɗanda ba 'yan gidanku ba, kwafi ɗaya a wurin waliyyinki. In ya sake cewa "Haba, ai gidanki ne," waliyyin naki ya amsa masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, sannan ya miƙa masa biro.

Anti